Ƙofofin Gidan Bayan Asibiti

Kawu,

Gidan haya muka saya, ko masaukin baƙi? Riƙe wannan tambayar a ranka kafin ka karanta sauran.

To, yanzu in yi abin da Umma ta koya mini. Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, teku bai dame ku ba, kuma gwiwar nan da tsayuwar kicin ɗin jirgi ta lalata maka ta yi sauƙi. Umma lafiya lau, sai hawan jinin da ka sani, tana shan maganinta ranar da ta ga dama. Ni ma lafiya, in ban da ɓacin rai. A takarda na rubuta na ɗauki hoto na turo, tunda ka ce in na yi maka saƙon murya abokan aikinka tambaya suke ko gobara ta tashi a gida.

Jiya da hantsi na kai wasu ɗalibai biyu masu koyon aikin jinya su ga ɗaki na biyu. Tun daga bakin get nake yabon gidan: ga famfo, ga tanki, ga asibiti ko tsalle ka yi ka shiga. Ina sa makulli sai na ji ƙofa a buɗe take. Katifa a ƙasa, waya a caji, Shalele, ɗan yayarka Hajiya Babba, a kwance ya ɗora ƙafafunsa a bangon da na yi wa fenti da hannuna.

"A'a, Farfesa! Shigo mana, ai gidanka ne."

"Na san gidana ne. Shi ya sa nake tambayar me kake yi a ciki."

Sai ya ɗaga mini makulli yana kaɗawa kamar ƙararrawa. Wai an kwantar da ƙanen mijin Hajiya a asibiti, shi ke kai abinci, kuma kai ka bar wa Hajiya makullan gidan gaba ɗaya ranar da za ka tafi. Ɗaliban nan suka kalli juna, suka ce za su kira ni. Ka san ma'anar wannan.

Bari in tuna maka yadda muka yi, don kada a ce Farfesa ya yi mafarki. Ban gama sakandare ba, kowa a danginmu ya sani, suna kuma jin daɗin tuna mini. Amma littattafan da nake saya a hannun mai shimfiɗa su bakin titi, waɗanda ko bango ba su da shi, abu ɗaya suka yi ta nanatawa: mai fara harkar gidaje kada ya nemi gida mai kyau, ya nemi wurin da dole mutane su kwana kusa da aikinsu. Na yi ta zagaya bayan asibitin nan har masu shayi suka ɗauka haukacewa na yi. Na samo tsohon gida mai ɗaki huɗu, ba ƙofa ba taga. Na kai takardunsa wurin lauya, na duba inda ruwa ke bi in an yi ruwan sama, na tambayi maƙwabta ko akwai rigimar gado. Ka zuba guminka na shekaru a ƙasa da bango. Ni na sayar da janaretana da babban injin waldana, na sayi ƙarfe, na ƙera get da tagogi da ƙofofi huɗu. Muka ce kashi biyu naka, ɗaya nawa, kulawa kuma a wuyana.

Yanzu da ɗan ƙaramin inji nake aiki a rumfar wani, in an ɗauke wuta in zauna ina kallon titi. Hayar gidan nan ce za ta dawo mini da kayan aikina. Ɗaki ɗaya kacal ke da ɗan haya, wata Nas mai kirki da ta biya na shekara.

Me ya sa ka ba Hajiya makulli ba ka gaya mini ba?

Ɗanka,
Mai Walda

*

Farfesa, ɗana,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka da muka tsaya ɗaukar kaya. Gwiwa da sauƙi, na samu kujera a kicin, yanzu a zaune nake yanka albasa kamar attajiri. Ka gaishe mini da Ummanka, ka ce mata in ba ta sha magani ba zan dawo in ɗura mata da mazurari.

Rubutunka ma ihu yake yi, ka sani? Sai da na riƙe wayar nesa da fuskata.

Maganar makulli ba wani abu ba ne. Mutum ba zai sayi gida ya tafi teku bai sanar da babbar yayarsa ba. Na je sallama, ta sa wa gidan albarka, na ga bai dace in tashi ban bar mata komai ba, sai na ajiye mata makullan na ce ko wani abu zai taso. Ina nufin ko kai ka yar da naka, ko ka yi tafiya.

Shalele kuma ai jinya ce. Wa zai kori mai jinya? 'Yan kwanaki ne, za a sallami maras lafiyan, yaron ya naɗe katifarsa. Ka yi haƙuri da shi, wajen hankali kai ne wansa ko da ya girme ka da wata uku. Masu haya ba za su ƙare ba, asibitin ba tashi zai yi ba.

Na nuna wa injiniyan jirginmu hoton ƙofofinka. Ya ce wanda ya yi waldar nan ya san hannunsa. Na ce ɗana ne.

Kawunka

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Na ji daɗi da gwiwa ta lafa. Umma ta yi dariyar mazurarinka har ta sha maganin ranar. Ni na ƙone a yatsa, ya warke.

Ka gaida injiniya. Amma ban tambaye ka ko ƙofofina na da kyau ba. Tambayata tana nan inda na ajiye ta, ba ka taɓa ta ba.

An sallami maras lafiyan tuntuni, har ya koma gona. Shalele bai naɗe komai ba. Ƙara shimfiɗawa ma ya yi: ya kawo wani abokinsa mai sayar da rigunan waya, sun mayar da ɗakin sito. Na ce masa jinya ta ƙare. Ya ce ai yana jira ne ko ciwon zai dawo.

Ɗaki na uku yanzu wani dattijo ne a ciki, wai surukin ƙanwar Hajiya. Ido ya zo a duba masa, aka ba shi rana wata mai zuwa, ya ga kuɗin mota komawa da dawowa ya yi yawa, sai ya zauna jiran ranar. Ban taɓa ganinsa ba a rayuwata. Shi ya tare ni a get yana tambayata wurin wa na zo.

Ka ga abin da littattafan nan ba su faɗa ba? Waɗanda suka rubuta su ba su da dangi. Na zaɓi bayan asibiti don ma'aikatansa, na manta cewa duk wanda ya haɗa kaka da mu, in kansa ya yi ciwo, nan asibitin za a kawo shi, kuma mutum uku za su rako shi. Labari ya riga ya zaga ƙauye: Kawu na Jirgi ya gina wa dangi gida kusa da likita. Har addu'a ake yi maka. Ni kuwa sunana mai gadi.

Sai ɗaki na huɗu. Uwar 'Yan Biyu ce, matar ɗan baffanku da ya rasu bara. Ɗaya daga cikin yaran ƙodarsa ce ta samu matsala, sau biyu a mako ake sa shi a na'ura. Na tarar da ita tana share tsakar gidan da ba wanda ya sa ta. Tana ganina ta durƙusa. Mace ta haife ni, ta durƙusa mini a kan simintin da na zuba! Ta ce kafin Hajiya ta ba ta makulli a barandar asibiti suke kwana. Na shiga da faɗa a bakina, na fito na je na sayo mata kwan fitila.

Nas kuwa ta fara gajiya. Ta dawo daga aiki ba ruwa a tanki, an wanke kayan mutum goma. Abokan Shalele suna kiɗa a lokacin barcinta. Duk wanda ya yi tari a gidan sai ya buga mata ƙofa, tunda an ce likita ce kyauta. Ta ce mini cikin ladabi, "Malam, haya na kama, ba reshen asibiti na buɗe ba."

Kalma ɗaya nake so daga bakinka zuwa kunnen Hajiya: ta dawo da makullan. Uwar 'Yan Biyu ta zauna, na yarda, a cire daga kasona ma. Sauran su fita.

Ɗanka,
Mai Walda

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Ban san ko kana lafiya ba, tunda ba ka ce komai ba. Ina fata lafiyar ce ta yi yawa. Umma jikinta da sauƙi, amma ba daga bakinta na ji ba, don ba ta yi mini magana.

Nas ta tashi. Na mayar mata da ragowar kuɗinta da bashin da na ci a wurin mai rumfar da nake aiki. Na riƙe mata gado har cikin mota kamar ɗan dako. Kafin motar ta bar layin, ƙanen abokin Shalele ya riga ya jingina babur ɗinsa a ɗakin.

Washegari na sa wa ɗakin Shalele sabon kwaɗo lokacin da ya fita. Ban taɓa kayansa ba, ko cokali. Na ce ya zo ya same ni mu yi magana kamar manya. Bai zo ba. Hajiya Babba ce ta zo, ba wurina ba, wurin Umma, da mata biyu masu taya ta kuka. Ina shigowa na ji tana cewa, "Mai gidan da ya zuba dukiyarsa bai kori kowa ba, sai ɗan aikin da aka ba ajiyar makulli. Karatun bakin titi ya cire masa imani." Wai na watsar da katifar ɗanta a kwata. Wai na hana marayu ruwa.

Umma ba ta tambaye ni ko gaskiya ne ba. Ta dube ni ta ce, "Lokacin da ubanka ya mutu, a gidan wa muka zauna?" Ta miƙo hannu. Na sa mata makullin kwaɗon. Tun daga ranar in na gaishe ta bango take amsa wa.

Na ce a raina Kawu yana tsakiyar ruwa, bai ga takardata ba, in ya gani zai gyara. Da haka nake lallashin kaina. Sai shekaranjiya Shalele, yana sakace, ya ce mini, "Ai Kawu ya kira Hajiya makon jiya. Ya ce kowa ya saki jiki, gidan na kowa ne."

Ashe jirginku ya tsaya. Ashe akwai sabis. Ashe sabis ɗin ne ke zaɓen lambar da zai shiga.

Ba zan ƙara roƙonka ba. In ba ka yi magana ba, zan ɗauki abin da yake nawa a gidan nan, in bar muku naku.

Mai Walda

*

Ɗana,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, sai dai barci da ya ƙi zuwa tun da na karanta takardunka biyu. Ta farkon na gan ta tun tsayawarmu ta baya. Na fara amsa na goge, na sake farawa na goge, jirgi ya tashi. Gaskiyar ke nan.

Akwai abin da ba ka sani ba, don ba a haife ka ba. Ni ban san uwata ba, Yaya ce ta goye ni. Da za a yi mini takardun aikin jirgi, keken ɗinkinta ta sayar, abin da take ci da shi. Ba ta taɓa tambayata ko kwabo ba. Yau in ta kira ta ce, "Ƙanena, wane ba shi da wurin kwana," bakina ba ya iya haɗa a'a. Na gwada. In na buɗe baki "to, Yaya" ke fitowa.

Shi ya sa na yi murna da muka haɗa hannu da kai. Kai kana da baki. Na ɗauka ni in ce to, kai ka ce a'a, gida ya zauna lafiya. Kai yaro ne, in ka yi zafi za a ce ƙuruciya, shekara biyu an manta. Ni in na faɗa sau ɗaya, da ita za a binne ni.

Ga abin da na yanke. Hayar ɗakunan nan ni zan riƙa turo maka daga albashina, tsakanina da kai, kada kowa ya ji. Ka ga ba ka yi asara ba. In kuma so kake ka fita, kamar yadda ka ce za ka ɗauki abin da yake naka, ba zan riƙe ka ba. Ka yi lissafin ƙarfenka da wahalarka, in biya ka a hankali, ka sayi janaretanka, a rabu ba ɓacin rai.

Za mu sake tsayawa ranar Asabar ta ƙarshen wata. Yaya ta ce kowa zai taru a gidanta kamar kullum, in kira a gaisa. Ka je, ka ba ta haƙuri a gabansu. Ummanka za ta sauko.

Kawunka

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Allah ya ba ka barci. Umma tana nan, ta rame kaɗan, har yanzu bango take amsa wa. Yaron Uwar 'Yan Biyu ya fara cin abinci, jiya har ya roƙe ni in ba shi gilashin walda ya sa.

Na karanta takardarka sau uku. Na farko na ji tausayinka. Na biyu na ji kunya. Na uku na gane abin da ka faɗa.

Wato ba abokin harka ka ɗauka ba, bakin haya ka ɗauka. Ka zaɓe ni don ni ne wanda za a iya zagi a danginmu ba a yi asarar komai ba. Kai ka karɓi addu'a, ni in karɓi tsinuwa, a raba kashi biyu da ɗaya. Ka ce shekara biyu an manta. Ka taɓa zama ɗaki ɗaya da uwarka tana kallon bango? Ba ka taɓa ba, ka faɗa da kanka, kuma ba gori nake maka ba. Ina gaya maka ne abin da kake kashewa ba naka ba ne.

Keken Hajiya bashi ne a kanka, na yarda, bashi mai nauyi. Ka biya da ɗakunanka. In ka ce kashi biyunka sadaka ne ga dangi, wallahi ni zan rubuta allo in kafa a get, kuma zan riƙa gyara musu famfo. Amma ka faɗa da bakinka, a san iyakarsa, a san wa zai shiga da ranar da zai fita.

Kuɗin ɓoyenka ka riƙe. Ka tsaya a kan gwiwa ɗaya kana soya wa mutum talatin abinci don Shalele ya ajiye rigunan waya, ni kuma in karɓa a ɓoye in ci gaba da zama mugun dangi a fili? Wannan ba haya ba ce, ladan shan zagi ne. Kuma wa ya ce maka fita nake so? Ka karanta "abin da yake nawa" ka ji kuɗi. Ni gidan nan ne abu na farko a duniya da aka rubuta sunana a jikinsa. Ba na sayarwa ba ne.

Abin da yake nawa na riga na ɗauka. Jiya da safe na je da injina da amalanke, na cire ƙofofi uku. Yadda na ɗora su haka na sauke su, ko siminti ban fasa ba. Ban kori kowa ba, ban taɓa katifar kowa ba. Bango naka ne, suna nan a cikin bangonka. Dattijon ido ya tambaye ni ko gyara za a yi, na ce ƙwarai kuwa, Baba. Shalele ya biyo ni har get yana kaɗa makullinsa yana ihu. Na ce ya adana shi da kyau, makulli ne mai kyau, abin buɗewa ne kawai babu.

Ta huɗun tana nan. Na ƙara mata mai, na sa sakata ta ciki, na ba Uwar 'Yan Biyu makullina. Wannan ni na bayar, daga kasona, kuma ba a ɓoye ba.

Ƙofofin uku suna tsakar gidan Hajiya, na jingina su a bangon da ake shimfiɗa tabarma in an taru. Ta ce in kwashe, na ce ajiya ce ta Kawu, kamar makullan. Ba ta sa an taɓa su ba.

Ranar Asabar zan je. Zan durƙusa in gaida Hajiya, zan ba ta haƙurin kwaɗon da na sa, don wannan ni na yi. In ka kira, za ta ɗora wayar a kan kujera ta buɗe murya kamar yadda ta saba, yara su yi layi suna "Kawu, ina wuni." Zan jira kowa ya gama. Umma za ta kasance a wurin, na sa an gaya mata.

Daga nan zan tambaye ka, ba da ihu ba. Wa ya ba da makullan? Wa ya ce kowa ya saki jiki? Ni ɗan aiki ne a gidan nan ko mai kaso? Na turo maka tambayoyin tun yanzu don kada ka ce na yi maka kwanton ɓauna. Kana da sauran teku ka yi ta gwada bakinka.

In ka ce sabis ya yanke, za mu zauna mu jira. Amalanken yana ƙofar gida, injina yana ciki. Duk amsar da ka bayar, kafin la'asar na mayar da ƙofofin inda amsar ta nuna.

Gidan haya ne, ko masaukin baƙi? Ka faɗa a gaban Yayarka, ka faɗa yadda uwata za ta ji.

Ɗanka,
Mai Walda